DARASI: SAURAYI MUSULMI DA RIƘON DUKIYARSA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai arzurta bayi, Mai yalwatawa ga wanda Ya so da ƙuntatawa ga wanda Ya so bisa hikimarSa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi saurayin da ya fara riƙe kuɗin guminsa: ɗan koyon ɗinki da aka fara ba shi na sabulu, ɗan kabu-kabu, yaron shago, sabon ma'aikaci, da wanda ya komo daga ci-rani da abin da Allah Ya hore masa. Ya shafi budurwa mai sana'ar hannu a cikin gida. Ya shafi iyayensu ma, domin su ne za a fara tambaya.

Dalilin darasin abu ne da kowa ya gani da idonsa a unguwarsu. Yaro ya tafi Legas, ko Abijan, ko Aljeriya, ko ramukan zinariya na arewa, ya yi wata takwas yana kwana a ƙasa. Ya komo gida da jikkuna masu yawa, aka yi murna. Kafin kwana arba'in an gan shi yana neman rancen kuɗin mota domin ya koma. Ba a yi masa sata ba, bai yi gobara ba. In ka tambaye shi inda kuɗin suka shiga, sai ya rantse bai sani ba, kuma gaskiya ya faɗa. Alhali hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya sanar da mu cewa a ranar ƙiyama za a tambayi bawa game da dukiyarsa ta fuska biyu: inda ya samo ta da inda ya kashe ta. Wanda ya kasa amsa tambaya ta biyu a gaban mahaifinsa yau, yaya zai yi da ita gobe?

FASALI NA FARKO: MENE NE RUSHDI?

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, malaman usulu, irin su Imamul Gazali da Imamu Shaɗibi, sun bayyana cewa shari'a ta zo domin tsare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Saboda haka tsare dukiya yana cikin manufofin addini, kuma tozarta ta saɓo ne ko da mutum da guminsa ya same ta.

A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 5, Allah Maɗaukakin Sarki Ya hana a danƙa dukiya ga wawaye, Ya kuma siffanta dukiyar da cewa ita ce abin da rayuwar mutane ke tsayuwa da shi. A aya ta 6 Ya yi umurni da a jarraba marayu har su isa aure, kuma kada a miƙa musu dukiyarsu sai an ga rushdi gare su. Sharaɗi biyu ke nan: balaga da rushdi. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun fassara rushdi da iya tsare dukiya da kyautata juya ta. Wanda ya rasa wannan sunansa safihi, kuma alƙali yana da ikon ɗaure hannunsa daga dukiyarsa ko da ya yi gemu.

A nan akwai fa'ida biyu. Ta farko, shekaru ba su kawo rushdi da kansu. Koyonsa ake yi kamar yadda ake koyon alwala. Ta biyu, kalmar jarrabawa tana nuna hanyar koyarwa: a ba yaro kaɗan, a duba abin da ya yi da shi, in ya kyautata a ƙara. Haka ƴan kasuwarmu na dā suka yi renon yaransu a Maraɗi da Damagaram. Yaro ya fara da tallar goro ko ashana a faifai, daga nan a aike shi kasuwar ƙauye da ɗan kaya, sai bayan shekaru a amince masa da tafiyar Kano. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Uban da bai taɓa bari ɗansa ya riƙe dala ashirin ya kawo lissafi ba, kada ya yi mamaki ranar da yaron ya sayar da gonar gado ya sayi babur da waya.

FASALI NA BIYU: LISSAFI DA RUBUTU

Matakin farko na rushdi shi ne mutum ya san abin da ke shiga hannunsa da abin da ke fita. Wannan yana buƙatar ƙaramin littafi da alƙalami. Wanda bai yi lakkwal ba ya rubuta da ajami. Wanda bai iya ko ɗaya ba ya nemi amintacce ya rubuta masa bayan sallar isha'i. A raba shafi biyu: dama abin da ya shigo, hagu abin da ya fita, har dala biyar ta ruwan sanyi. A yi haka kwana 30 ba fashi, ba tare da an canza komai a cikin halin kashe kuɗin ba, domin ana son a ga gaskiyar lamari tukuna.

Mafi yawan wanda ya yi wannan yakan tarar da cewa ƙananan abubuwa ne ke cinye shi. Mu ɗauki misali. Saurayi yana zaman fada kowane dare: karo-karon shayi da sukari, karan sigari biyu, katin waya domin kallon abin da ba ya amfaninsa. A ce duka sun kama dala 100 a yini, wato sefa 500. A wata sun zama jikka 15. A shekara sun zama jikka 180. Wannan saurayin shi ne zai ce maka ya rasa jarin da zai fara sana'a. Zaman fada ba laifi ba ne in ba a bar salla ba kuma ba a ci naman mutane ba, amma ya kamata mai zaman ya san nawa yake biya.

Bayan wata guda na rubutu sai a tsara na watan gaba tun kuɗin ba su zo ba. Ga misali, kuma misali ne kawai, kowa ya auna da nasa. Ɗan kabu-kabu, bayan ya sha mai ya kuma ba mai babur nasa, a ce dala 500 ke saura a hannunsa, wato sefa 2500. In ya yi aiki kwana 26, ya sami jikka 65. Sai ya raba su kamar haka: jikka 25 ga cefanen gidan iyaye, 16 ga abincinsa da sabulu da sutura, 10 ga tanadi, 6 ga magani da abin da ka iya tasowa, 5 ga zumunci da sadaka, 3 ga waya. Jikka 10 ɗin nan na tanadi, in ya dawwama a kansu, sun zama jikka 120 a shekara.

Tambihi: a cire na tanadi a farko, ranar da kuɗi suka shigo. Wanda ya ce zai ajiye abin da ya saura a ƙarshen wata, ba zai ga saura ba.

FASALI NA UKU: JERANTA BUƘATU

Malamai sun kasa maslahohin ɗan Adam hawa uku, kuma wannan kashi yana da amfani ƙwarai ga mai tsara kuɗinsa. Hawa na farko larura, abin da rayuwa ba ta tsayuwa sai da shi: abinci, sutura mai rufe al'aura, wurin kwana, magani. Na biyu buƙata, abin da rashinsa ke kawo ƙunci amma ba ya halakarwa: keke ko babur na zuwa aiki, waya ta sana'a, fitila. Na uku ƙawa: shadda ta biyu da ta uku, waya mai tsada, takalmin yayi. Ƙawa halal ce, sai dai ba a hawa na uku alhali na farko yana da giɓi. Wanda ya ɗinka anko alhali babu tiyar hatsi a ɗakin mahaifiyarsa ya juya tsani.

Alƙur'ani ya sa mana ma'auni a wurare da dama. A Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, an hana almubazzaranci, an kuma danganta masu yinsa da shaiɗanu. A aya ta 29 an hana ƙanƙame hannu, an hana kuma sakinsa gaba ɗaya, domin ƙarshen duka biyun zargi ne da nadama. A Suratul Furƙan, aya ta 67, an yabi bayin Allah da tsayuwa tsakanin ɓarna da ƙwauro. A Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 7, an umurci kowa ya ciyar gwargwadon abin da aka ba shi. Daidai ruwa, daidai tsaki.

A nan akwai mas'ala mai nauyi a ƙasarmu. Saurayi da ya fara samu, idanun dangi duka sukan komo kansa: kawu yana da suna, gwaggo tana da biki, abokai suna da tasu. Wani yakan ji kunya ya rarraba har ya taɓa jarinsa, bayan shekara ya koma cikin masu roƙo. Shari'a ta jeranta haƙƙoƙi. Ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗan da ke da hali, haka ciyar da mata da ƙananan ƴaƴa. Taimakon sauran dangi sada zumunci ne mai lada, gwargwadon iko. Hadisi ingantacce ya koyar da cewa a fara da waɗanda ke ƙarƙashin kulawar mutum, kuma mafificiyar sadaka ita ce wadda ta bar mai ita cikin wadata. Saboda haka ka ware wa zumunci rabonsa sananne a kowane wata. In ya ƙare, ka ba da haƙuri da magana mai daɗi, kamar yadda aya ta 28 ta Suratul Isra'i ta koyar. Mu kuma iyaye da dangi, mu ji tsoron Allah game da waɗannan yara. Wanda ya tatse saniya har ta faɗi, shi ma zai rasa nono.

FASALI NA HUƊU: TANADI

Wasu sukan ce ajiya rashin tawakkali ce. Wannan kuskure ne. A Suratu Yusuf, aya ta 47 zuwa ta 49, Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata gare shi, ya shawarci mutanen Masar su yi noma shekara bakwai, su bar hatsin a cikin zangarniyarsa sai kaɗan da za su ci, domin shekaru bakwai masu tsanani da ke tafe. Kuma ya tabbata a cikin Bukhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya kasance yana ajiye wa iyalinsa abincin shekara. Babu wanda ya fi waɗannan tawakkali.

Mu mutanen wannan ƙasa mun fi kowa sanin wannan darasi. Dattawanmu sun ga farin 1973 da 1974. Sun ga yunwar 1984, wadda aka yi wa laƙabi da El-Buhari domin ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Na bayansu sun ga ƙarancin abinci na 2005, wanda ya tsananta a jihar Maraɗi. Rumbun tsimi da kakanninmu ke rufewa ba a taɓa shi sai shekarar wuya, shi ne asusun farko da Bahaushe ya sani. Domin tuwon gobe ake wanke tukunya.

Tanadin saurayi ya kasu biyu, kada a gauraya su. Na farko na ko-ta-kwana: rashin lafiya, lalacewar abin sana'a, tsayawar aiki. A yi ƙoƙari ya kai abin da zai riƙe mutum wata uku. Na biyu na buri: jari, aure, fili. Wanda ba shi da na farko, zazzaɓi ɗaya zai cinye masa na biyu.

Sai wurin ajiya. Kuɗin da ke aljihu ba su kwana. Hanyoyin da mutanenmu suka sani su ne waɗannan. Akwai adashe: jama'a su zuba daidai, kowa ya kwasa bi da bi. Malamai da yawa na wannan zamani sun halatta shi, domin kowa yana karɓar abin da ya zuba ne ba ƙari. Amfaninsa shi ne yana tilasta wa mutum zubi. Haɗarinsa kuma uwar adashe marar amana ko abokin da ya kwasa ya gudu. Kada ka shiga sai da waɗanda ka san gidajensu, kuma a rubuta. Akwai ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, daga baya tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Iyayenmu mata sun nuna a nan cewa zubin dala kaɗan kowane mako yana tara abin mamaki. Sai dai inda ake ba da rance daga akwatin da sharaɗin ƙari, a tambayi malamai a gyara tsarin. Akwai ajiya a banki ko a asusun waya; a zaɓi irin da ba a ɗora ruwa a kai, a ɓoye lambar sirri, kada a faɗa wa wanda ya kira a waya ko ya ce daga kamfani yake.

Akwai kuma ajiya a cikin kadara: tunkiya, akuya, buhun hatsi ko wake da aka saya da kaka. Wannan tana da dalilinta. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran na Faransa da ake saya sefa 50 ya koma sefa 100. Wanda ya kwana da takardun kuɗi a ƙarƙashin katifa ya wayi gari kayan waje sun fi ƙarfinsa, amma mai akuya da akuyarsa ya tashi. Haka ƴan kasuwar bakin iyaka da suka tara naira suka gani a 2023 da 2024, lokacin da ta faɗi ƙwarai. Amma dabba tana mutuwa, hatsi yana yin ƙwari. Hikima ita ce a rarraba: kaɗan a kuɗi domin gaggawa, saura a abin da ke haihuwa ko ke riƙe daraja.

Tambihi ga matashi manomi: kada murnar kaka ta sa ka kwashe damman gero zuwa kasuwa lokacin da tiya ta fi araha, ka komo tsakiyar damina kana sayenta da tsada. Ka fara auna abincin gida har kaka mai zuwa, ka fitar da iri, sa'an nan ka sayar da rara. Ajiye abincin iyali halal ne. Abin da aka hana shi ne ɓoye abinci a lokacin ƙunci domin a cuci jama'a.

FASALI NA BIYAR: BASHI

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Cin bashi domin larura ya halatta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir. Amma ya yawaita neman tsari daga bashi, ya kuma bayyana cewa mai bashi yakan kai ga yin ƙarya da saɓa alkawari. Bukhari ya ruwaito cewa an kawo wata gawa, da aka ce ana bin mamacin dinari 3 kuma bai bar abin biya ba, sai ya umurci sahabbai su yi masa salla, bai sallace shi da kansa ba har sai da Abu Ƙatada, Allah Ya yarda da shi, ya ɗauki nauyin biya. Muslim kuma ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi kome ban da bashi.

Saboda haka kafin ka ci bashi ka tambayi kanka: larura ce ko ƙawa? Da me zan biya, kuma yaushe? In na mutu gobe, wa ya sani? Bashin da aka ci domin keken ɗinki yana biyan kansa. Wanda aka ci domin shaddar salla, shaddar za ta koɗe shi yana nan.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka. Ta yi umurni da a rubuta shi, ƙarami ne ko babba, a ambaci ajalinsa, a kafa shaidu. Mu kuwa mukan ce tsakaninmu ai babu haka, sai bayan shekara a ga ɗan'uwa da ɗan'uwa a gaban mai unguwa. Rubutu yana tsare zumunci. In ajali ya yi kana da hali, ka biya, domin jinkirin mai hali zalunci ne kamar yadda hadisi ya bayyana. In ba ka da hali, ka je da ƙafarka ka faɗa tun ba a zo ba. Mai bin bashi kuma ya tuna aya ta 280, wadda ta yi umurni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci.

Riba kuwa, wato kuɗin ruwa, ayoyi na 275 zuwa 279 na wannan sura sun isa gargaɗi. Ƙa'idar malamai ita ce duk rancen da aka sharɗanta ƙari a cikinsa riba ne, ko an kira shi goro, ko tukuici, ko ladan jira. Ko ta fuskar lissafi ka duba: ka karɓi jikka 50 a kan za ka riƙa ba da jikka 5 kowane wata har ka mayar da uwar. A shekara ka biya jikka 60, kuma har yanzu ana bin ka 50. Haka rancen buhu ɗaya da damina a biya biyu da kaka. Wanda ke son karɓar kuɗi tun kafin girbi, shari'a ta buɗe masa cinikin salam: a biya kuɗin tun farko, a ambaci irin hatsin, da mudunsa, da lokacin bayarwa. Masu canjin sefa da naira kuma su lura cewa canji hannu da hannu ake yinsa a mazauni guda.

FASALI NA SHIDA: JARI DA SANA'A

Lokacin da Abdurrahman ɗan Aufu ya yi hijira zuwa Madina hannu wofi, ɗan'uwansa Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Ya yi masa addu'ar albarka, ya nemi a nuna masa kasuwa. Ya fara da ɗan cuku da man shanu, daga baya ya zama cikin manyan attajiran sahabbai. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Babbar cutar ƙaramin ɗan kasuwa ita ce gauraya uwar kuɗi da riba. Ciniki ya yi kyau, aljihu ya cika, sai ya ɗauka duka nasa ne. Ka raba aljihu biyu. Ka yanka wa kanka abin da za ka ci daga riba, saura ya koma cikin jari. Abin da ka ɗauka a shagonka domin gida, ka rubuta shi kamar na baƙo. Ka sa wa bashin da kake bayarwa iyaka, domin shaguna da yawa littafin bashi ne ya rufe su.

Wanda ke da sana'a ba jari, akwai ƙiradi, wanda littattafan fiƙihunmu suka yi wa babi: mai dukiya ya ba da kuɗi, mai aiki ya juya, a raba riba bisa kason da aka yarda, kamar rabi ko sulusi. In an yi hasara ba da sakacin mai aiki ba, ta faɗa kan jari, shi kuma ya yi hasarar wahalarsa. Ba ya halatta a yanka wa mai jari adadi tabbatacce kowane wata. Attajiranmu su raya wannan sunna ga yaran unguwa masu amana.

Ka nisanci caca da kowane suna ta zo, ta dawakai ce ko ta ƙwallo da ake yi ta waya. Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, ta haɗa ta da giya. Mai gidan caca ya riga ya yi lissafinsa yadda jimillar abin da ake zubawa za ta fi abin da ake ci, in ba haka ba da bai buɗe ba. Haka duk wanda ya ce ka kawo jikka 10 ka karɓi 20 bayan mako biyu ba tare da ka ga hajar da ake saye da sayarwa ba: kuɗin na baya yake ba na gaba, ranar da masu zubi suka ragu sai a nemi shi a rasa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

FASALI NA BAKWAI: AURE DA ZAKKA

Babu inda tanadin saurayi ke narkewa kamar aure. Sadaki haƙƙin mace ne, walima sunna ce. Abdurrahman ɗan Aufu da muka ambata ya ba da sadakin zinariya mai nauyin ƙwallon dabino, aka umurce shi da walima ko da akuya guda. Abin da ya ƙaru na akwatuna, da anko, da jerin motoci, da makaɗa, al'ada ce, kuma al'adar da ke sa ango ya shiga ɗaki da bashin shekara biyu ta cancanci a rage ta. Saurayi ya lissafa abin da zai ciyar bayan biki kafin abin da zai kashe ranar biki. Iyayen ƴaƴa mata su dubi addini da sana'a.

Game da zakka, ya kamata matashi ya san hukuncinta tun dukiyar ba ta zo ba. Nisabin zinariya dinari 20 ne, kimanin giram 85. Na azurfa dirhami 200, kimanin giram 595. Malaman zamani sun saɓa a kan wanne za a auna takardun kuɗi da shi, sai a tambayi malamin gari, a kuma tambayi farashin ranar. In kuɗi sun kai nisabi, shekara ta kewayo, bayan an cire bashin da ake bin mutum, ana fitar da ɗaya cikin arba'in: jikka 1 a kowace jikka 40. Mai shago da ke saye da sayarwa kullum yana ƙiyasta hajarsa sau ɗaya a shekara ya haɗa da kuɗin hannunsa. Hatsi nisabinsa wusƙi 5, wato sa'i 300. Na ruwan sama ushiri, na ban ruwa da wahala rabin ushiri. Tumaki da awaki daga 40, shanu daga 30. Ka lura, duk wannan ba ya yiwuwa ga wanda ba ya lissafi. Wanda bai kai nisabi ba, ya saba wa hannunsa da sadaka ko da dala biyar ce.

KAMMALAWA

Ya kai saurayi, aikin da muke ba ka daga wannan darasi guda uku ne. Ka sayi littafi yau ka fara rubutu. Ka jera duk bashin da ake bin ka, da sunan mai shi da ajalinsa, ka nuna wa wani amintacce a gidanku, ka fara biya. Ka yanke abin da za ka riƙa ajiyewa, ko dala 20 ce a yini, ka fitar da ita kafin ka karya kumallo. Bayan kwana 30 ka zauna da mahaifinka ko malaminka ku duba littafin tare. Ya ku iyaye da limamai, ku karɓi waɗannan yara da sakin fuska in sun zo, kada ku kunyata su a kan abin da kuka gani a ciki.

Arziki na Allah ne, Shi ke rabawa, kuma lissafi ba ya ƙara wa mutum abin da ba a rubuta masa ba. Abin da aka ɗora mana shi ne neman halal da kyautata riƙon abin da ya zo hannu, domin a kansa za a yi mana tambaya.

Allah Ya wadata mu da halal ɗinSa ga barin haram, Ya sanya albarka a cikin kaɗan ɗinmu da mai yawanmu, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya shiryi matasanmu, Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu, Allah Ya gafarta mana. Allah ne Mafi sani.